Amsa: Ma'anar C5 a takardar sakamakon yaro

Malam, ka ce ɗanka da ke aji ɗaya na ƙaramar sakandare a yankin Ringim ya kawo sakamako ba a rubuta na nawa ya zo ba, sai C5 a Lissafi. Wannan ba faɗuwa ba ce. Idan makarantar ma'aunin WAEC ta ɗauka, daga A1 zuwa F9, to C5 maki 55 ne zuwa 59, kuma sai ƙasa da 40 ake faɗuwa. Ni dai gurbin gwajin cikin aji na fi dubawa, domin yaron da aka tsare a gona lokacin girbin gero a nan yake zubar da maki, ko da ya yi ƙoƙari a jarrabawar ƙarshen zango. Ka tambayi malamin ajinsu yadda suka raba makin.