Furen rawayan da ke cika bakin hanyoyin Jos, namu ne ko baƙo?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar firamare ce a Bukuru. Duk ƙarshen damina bakin hanya yakan cika da fure mai ruwan rawaya, yara su ce kalankuwa ce, wasu su ce 'yar sanfulawa ce. Ina so in koya musu tsirran ƙasarmu. Ta yaya zan gane wanda asalinsa na nan ne?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Allah Ya saka da alheri, domin yaron da ya san sunan tsiro ba ya taka shi a banza.

Waɗannan furanni duk 'yan gida ɗaya ne da sanfulawa, dangin da masana ke kira Asteraceae, mai nau'i sama da 20,000 a duniya. Ki sa yaro ya tsinko guda ya ɓare tsakiyarsa da farce. Zai ga abin da muke ɗauka fure ɗaya ashe taron ƙananan furanni ne cunkushe, kowanne da 'yar ƙwayarsa a ƙasa. Shi ya sa suke kama da juna, kuma shi ya sa kallon furen kaɗai ba zai raba miki gardama ba. Ganye za ki duba.

Wanda ya fi ɗaukar ido, mai tashi ya wuce tsayin mutum har ya kai mita 3, yana yin duhu a bakin titi da gefen tsofaffin ramukan kuza wajen watan Oktoba zuwa Nuwamba, baƙo ne. Sunansa Tithonia diversifolia, asalinsa Meziko da tsakiyar nahiyar Amurka. Ganyensa a rarrabe yake kamar tafin hannu, yatsu uku zuwa biyar, kuma ɗaya-ɗaya suke fitowa a jikin kara, wannan sama da wancan. Furen ya kai faɗin tafin yaro, wuyan da ke riƙe da shi a kumbure yake, cikinsa rami. In kika murza ganyen za ki ji wari mai ɗaci ya manne a yatsunki. Abin da ke damuna da shi shi ne inda ya sauka ba ya barin kowa ya tsiro a ƙarƙashinsa. Amma ba zan ƙi faɗin alherinsa ba: ganyensa taki ne mai kyau in aka sare aka binne a gona.

Namu na gida ba ya da wannan girman kai, sai kin sunkuya. Aspilia africana furensa ƙarami ne, bai fi murfin kwalbar lemo da yawa ba. Ganyensa bibbiyu ne, suna fuskantar juna a gaɓa ɗaya, dogaye masu tsini, ba rarrabuwa. Ki shafa shi a bayan hannunki, zai karce ki kamar sanfefa saboda gashinsa mai kaushi. Shi ne manoma a sassa da dama na Najeriya ke murzawa su matsa a kan ƙaramin yanka don tsayar da jini.

Akwai kuma Guizotia scabra, ɗan tuddan Afirka, wanda sanyin Filato ya karɓe shi. Shi ma ganyensa bibbiyu ne, sai dai ba su da wuyan da ke riƙe ganye, manne suke da kara kamar sun rungume shi.

Sunan kalankuwa kuwa mutane na raba shi ga furannin rawaya da dama masu buɗewa lokacin kaka, don haka yaran ba su yi kuskure ba.

In wani ya rikita ki, ki yanko reshe mai ganye da fure, ki danne shi a cikin tsohuwar jarida na mako guda, ki rubuta inda kika samo shi da ranar, ki kai Kwalejin Gandun Daji ta Tarayya da ke nan Jos a duba miki.