Gilashin ɗaukar hoto na kusa: wanne zan fara nema?

Malam, ka tambayi wanne za ka fara saya wa tsohuwar kyamararka Rolleiflex, mai gilashi biyu sama da ƙasa. Ni dai Rolleinar 2 zan ce, wato gilashin kusa lamba 2 da ake ɗaurawa a gaban na kyamarar. In ka saita kyamara a kan nesa, lamba 1 tana kama abu a mita 1, lamba 2 a santimita 50, lamba 3 wajen 33.

Kafin ka biya, duba bakin kyamarar: girman wurin da gilashin ke maƙalewa Bay I ne, II ko III? Ba sa shiga na juna. Kuma gilashin biyu ne. Na saman, mai kaurin nan, shi ke daidaita abin da idonka ke gani da abin da fim zai ɗauka. Haska tocila ta cikinsa. In ka ga zare-zare kamar saƙar gizo-gizo, fumfuna ce, ƙyale shi.