Na koma X bayan dogon lokaci, ta yaya zan tara mabiya?

Malam, ka ce ka bar dandalin tun ana kiransa Twitter, yanzu ka dawo kana wallafawa amma shiru kake ji. Ba abin mamaki ba ne. Tsofaffin mabiyanka da yawa sun daina leƙowa, wasu sun koma Threads ko Bluesky bayan da Elon Musk ya sayi kamfanin a 2022.

Ni dai shawarata, ka rage wallafa naka, ka fi ba da ƙarfi wajen yin sharhi a ƙarƙashin rubutun manyan shafuka na fannin da ka sani. Idan wani ya yi magana kan gyaran waya, misali, kai kuma ka ƙara bayani mai amfani cikin layi biyu da wuri, masu karantawa za su danna sunanka su duba. To a nan ne bayanin kanka da rubutun da ka kafe a sama za su yi aiki, don haka ka gyara su tukuna. Haruffa 280 sun ishe ka.

Sayen mabiya kuwa, kada ma ka fara. Asusun bogi ba sa amsa maka, kuma ana share su.