Amsar murya: noman albasa a bakin teku

Salamu alaikum jama'a. Ƙanena, na saurari muryarka. Ka ce tunda albasar Galmi can bakin teku ake kai ta, gara ka kama hayar lambu a Seme, kusa da Kwatano, ka noma ta can ka huta da kuɗin kamyo, motar kaya. To ni dai ba kamyo nake hango maka ba, ruwa nake hango maka.

Ƙasar can rairayi ce zalla. Ruwa kusa yake, ba ka yi nisa da haƙa ba ka same shi. Amma ruwan daɗin nan a bisa na gishiri yake kwance. In kowa ya kafa inji yana zuƙa safe da marece, na teku sai ya taso. Za ka ga bakin ganye ya ƙone, fangalin ya bushe ya yi fari-fari. In ƙasa ta kai nan, taki ba ya gyara ta.

Takin ma rairayi ba ya riƙe shi. Ka zuba buhu lokaci guda, ban ruwa biyu ya wanke shi ya gangara rijiyarka. Sai an sa ruɓaɓɓen kashin kaji kafin dashe, na zamani a raba shi uku ko huɗu.

Kuma albasarmu sanyin hunturu take so da busasshiyar iska. Laimar can ba ta barin wuyanta ya bushe. Shi ya sa masu lambun can salati da karas da kabeji suka riƙe, abin da za a cire yau a sayar yau.

Ko nan gida, Tawa, Madawa, fadamar Tarka, me ke ruɓar da ita a rudu, rumbun ajiyar albasa? Takin uriya! Mutum ya yi ta ɗura mata don ta yi ƙaton kai, yana ban ruwa har jajibirin cira. Haba! In wuya ya fara kwanciya a tsaida ruwa kamar sati biyu, a cire, a rufe ta da ganyenta ta sha iska, kana a ɗora rudu. Kai mai ruwa ba ya kai damina, sai a ce iri ne... to, bar wannan.

In ka nace sai ka je, kada ka biya haya sai ka ɗanɗani ruwan rijiyar a ƙarshen rani, da marece, bayan injinan maƙwabta sun wuni suna aiki.