Ku Tambaya Mu Amsa: Doguwar Fijo a Tsohon Hoto

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Muna gyaran ɗakin marigayi babanmu muka tarar da wani hoto baƙi da fari cikin adaka, shina tsaye gaban wata doguwar mota mai kaya ɗaure a kai, iyalinshi sun ce bakin tsohuwar kasuwa aka ɗauke shi amma ba wanda ya san shekara. Don Allah wace mota ce wagga, kuma ta yaya za mu gane lokacin? Daga mai karatu a Mabera, Sakkwato.

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan uwa, Allah ya jiƙan baba ya sa ya huta. Tunda ba ka turo hoton ba sai dai in ba ka hanyar da za ka bi da kanka. Doguwar mota mai kaya a kai a Sakkwato ta wancan zamani, kusan ko ba a faɗa ba Fijo ce wagon, ko dai 404 ko 504. Fara duba fitilun gaba. Na 404 zagaye suke, jikinta kuma a miƙe da ɗan tsini ta baya, an fara ƙera ta a Faransa a 1960. Ita 504 fitilunta masu kusurwa ne, ta fito a 1968, doguwar tata mai layin kujera uku kuma ta biyo baya da 'yan shekaru, rufinta na ɗan tashi sama ta wajen baya, wannan tudun da ka gan shi ka gama ganewa.

Amma abin da ya fi komai saurin faɗa maka shekara shi ne sitiyari. A ranar 2 ga Afrilu 1972, zamanin Gowon, Najeriya ta canza hannu, aka bar bin hagu irin na Ingila aka koma dama. To in ka ga sitiyarin motar na dama, ko kuma sauran motocin da ke titi a bayan baba suna bin hagu, hoton ya girmi canjin hannu ko kuma dab da shi ne, don motocin da aka riga aka shigo da su ba a rana ɗaya suka ɓace ba. In 504 ce mai sitiyari a hagu to ka matso gaba, domin sai 1975 kamfanin PAN ya fara harhaɗa Fijo a Kakuri ta Kaduna, daga nan ne ta cika ko'ina, gwamnati ita, 'yan kasuwa ita, tasha ita. Sannan ka sa ido kan allunan shaguna, in akwai farashi da fam da sule to kafin 1973 ne da naira ta shigo. Ka juya bayan hoton ma, masu hoto na da suna buga hatimin shagonsu, wani lokaci har da kwanan wata, mutane sai su yi ta kallon gaba su manta da baya.

TAMBAYA: Malam ina yawan ganin tsofaffin hotunan Amurka a Facebook, dogayen motoci masu katako a gefe an faka gaban wasu abubuwan ban mamaki a bakin hanya. Mi ne ne labarinsu, mu kuma muna da irin wuraren ga? Daga wata ɗaliba a Runjin Sambo.

AMSA: Malama, katakon nan da farko na gaske ne, da shi ake gina jikin motar, daga shekarun 1950 aka koma ƙarfe, amma mutane sun saba sai kamfanoni suka riƙa liƙa na kwaikwayo don ado. Motar iyali ce, a zuba yara da kaya a kama hanya lokacin hutu. Hanyar da ta fi suna ita ce Route 66, an buɗe ta a 1926 daga Chicago zuwa California, masu gidan mai da gidan abinci kowa sai ya kafa wani ƙaton mutum-mutumi ko gini mai siffar ban dariya don direba ya taka birki. Akwai wani wuri kusa da Amarillo a Texas da aka binne motocin Cadillac guda 10 kai a ƙasa gindi a sama a 1974, har yau ana tsayawa kallo. Da aka gina manyan tituna suka kewaye ƙauyukan, ciniki ya mutu, a 1985 aka soke hanyar daga lissafin hukuma.

Mu namu ba haka yake ba, kuma ni a ganina namu ya fi, don ba don a ja ciniki aka ƙirƙiro su ba. Wanda ya taɓa bin hanyar Gusau a kujerar baya ta Fijo, gwiwa na taɓa haɓa, an loda biyu gaba huɗu tsakiya uku baya, ya san yadda ake ɗokin isa Lambar Tureta a miƙe ƙafa a yi sallah a sayi tsire da fura, in an wuce Gusau kuma dutsen Kwatarkwashi ya bayyana kowa ya leƙa ta taga. Masu ziyara su cika wagon daga Kano da Katsina har da Nijar su zo Hubbaren Shehu, su wuce Wurno wajen kabarin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Ga kuma bikin kamun kifi na Argungu a Matan Fada, wanda ake danganta farkonsa da ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, kuma kar ki manta har 1991 Argungu cikin jihar Sakkwato take kafin a cire Kebbi. Ki tambayi kakarki, da wuya a rasa hoton wani ɗan gidanku jingine da Fijo a ɗaya daga cikin wuraren nan.

TAMBAYA: An yi mini tallar tsohuwar 504 wagon, in saya in sa ta haya? Daga Illela.

AMSA: Alhaji in jigilar albasa da buhuna ce a hanyar ƙauye, ta fi Sharon da Golf juriya, tana da tsawo daga ƙasa, ba kwamfuta a cikinta, kowane tsohon bakanike ya san kaburetarta. In kuwa fasinja kake so, yanzu ba mai son kujerar bayan nan, ga shan mai. An daina harhaɗa ta a Kaduna tun wajen 2006, saboda haka kafin ka biya ko kobo ka je da bakanike ya shiga ƙarƙashinta ya duba tsatsa da walda, ka kuma zaga wajen masu kayan gyara ka ji farashi tukuna.