Amsa ga mai son aikin sa kai a wajen ƙasusuwan dauri

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce kina son ki riƙa zuwa gidan tarihi kina taya su goge ƙasusuwan halittun da suka zama dutse da tantance su, amma kina tsoron ko sai wanda ya karanta jiyoloji, wato ilimin duwatsu da ƙasa, ake ɗauka. Ba haka bane wlh. Ni na yi kusan shekara biyu ina yi duk Asabar a wani ɗakin ajiya, abin da suka fi dubawa shi ne haƙuri da riƙon amana.

Kar ki sa rai ranar farko za a miƙo miki kan dinoso, dabbobin nan dangin ƙadangare da suka ƙare tun dauri. Ni tire aka bani cike da tsakuwa daga wajen Dange da Wurno, na zauna da ɗan hantsaki da madubin ƙara girma ina tsinto haƙoran kifi, ai yankin Sakkwato teku ne a da, har akwai wata dabbar ruwa da aka sa wa suna Goronyosaurus saboda Goronyo. Sai da na yi wata huɗu kafin aka yarda na taɓa ƙashi da allura da buroshin haƙori, shi ma kaɗan-kaɗan, wani lokacin wuni guda ki share wurin da bai kai tafin hannu ba. Idan ya tsage akwai gam ɗinsu Paraloid B-72 da ake narkawa a ruwan sinadarin asiton, shi ana iya cire shi daga baya, kada ki kuskura ki sa Super Glue. Ki riƙa sa takunkumi kuma, ƙurar dutsen nan tana illa ga huhu.

Amma abin da nake so ki riƙe da kyau shi ne 'yar takardar nan da ke tare da kowane ƙashi, mai lamba da inda aka tono shi. Wata rana na cire takardun tire biyu zan wanke, aka kira sallah na fita, da na dawo na kasa gane wacce ce ta wanne. Haƙoran suna nan lafiyarsu ƙalau amma ba wanda zai ƙara iya cewa daga wane rami suka fito, sun tashi daga kayan bincike kenan. Har yau abin yana min ciwo. Tire ɗaya a gabanki, ki gama ki mayar, sannan ki ɗauko wani.

In kina Yamai ki fara da gidan tarihi na Boubou Hama, tun 1959 yake, kuma akwai ƙasusuwan da aka kwaso daga Gadoufaoua a hamadar Tenere, inda aka samo ƙaton kadan nan Sarcosuchus da dinoson nan Nigersaurus mai haƙora sama da 500. In a Najeriya kike gwada sashen jiyoloji na jami'ar da ke kusa da ke. Ki je da ƙafarki da takardar neman izini a hannu, ki faɗa musu ranakun da za ki iya zuwa ba fashi, ko da rana ɗaya ce a sati.