An ɗaure ƙanena bisa kuskure: gwamnati za ta biya shi diyya?

Tambaya: Ƙanena ya yi shekara uku a gidan kason Damagaram kan zargin satar shanu. An sake shi cikin waɗanda aka yi wa sassauci. Yanzu jandarma sun kama wani da ya amsa cewa shi ya yi satar. Muna iya neman diyya?

Amsa: Malam, Allah ya ƙara haƙuri. Kuna iya nema, amma da sauran aiki a gabanku, domin a idon doka ƙanenka har yau mai laifi ne. Sassaucin shugaban ƙasa yana rage kwanakin kaso ne kawai, ba ya goge hukunci. Gwamnati kuwa ba ta biyan mutumin da takarda ke kira ɓarawo. Sai an fara wanke shi.

Hanyar wankewar ita ce neman a sake duba hukuncin da ya riga ya tabbata, abin da takardun kotu ke kira révision. Ba kotun ɗaukaka ƙara ta Damagaram ke yin wannan ba, aikin babbar kotun ƙasa ne a Yamai, wato Kotun Ƙasa da aka kafa a 2023 ta gaji kotun soke hukunci. Dalilai huɗu doka ta sani: a ga wanda aka ce an kashe yana raye, a hukunta wani kan laifin nan guda har hukuncin biyu su kasa zama tare, a hukunta ɗaya daga cikin shaidu kan shaidar zur, ko wata sabuwar hujja ta ɓullo wadda alƙalai ba su sani ba lokacin shari'a.

Naku ya fi kusa da na biyu, kuma nan ne mutane ke yin tuntuɓe. Amsa laifi a ofishin jandarma ba hukunci ba ne, mutum na iya janye maganarsa gaban alƙali. Ku jira a yanke wa wancan hukunci ya tabbata. Ko bayan haka, idan ana iya cewa tare suka kora shanun, hukuncin biyu ba su ci karo ba, sai a yi watsi da buƙatarku. Don haka lauya ya bi shari'ar ɓarawon tun yanzu, ya tabbata an rubuta cewa shi kaɗai ya yi, ko ya ambaci abokansa kuma babu ƙanenka ciki. Idan ɓarawon ya rasu ko ya gudu kafin hukunci, sai ku koma dalili na huɗu, wanda ke bi ta hannun ministan shari'a, kuma ya fi jan lokaci.

Takardun da za ku fara tarawa: kwafin hukuncin ƙanenka daga magatakardan kotun da ta yanke shi, shaidar cewa ba sauran ɗaukaka ƙara, takardar gidan kaso mai nuna ranar shiga da ranar fita, sai hukuncin ɓarawon idan ya fito. Ku riƙe na asali a gida, ku miƙa kwafi.

Diyyar, a cikin wannan shari'ar ake roƙonta, kada ku bari sai an gama. Kotu ba ta bayarwa in ba a nema ba, kuma ba ta da farashin kowace shekara ta kaso. Asarar da kuka nuna ita ake aunawa. Babur ɗin kabu-kabu da aka sayar don kai masa abinci, rasit ɗin hayar shagon da ya rufe, gonar da aka jinginar, takardar likita kan ciwon da ya fito da shi, duk suna da nauyi. Inda babu rasit, a samo shaidu biyu da takardar mai unguwa. Iyalai da yawa suna zuwa da kuka ba lissafi, sai a ba su abin da bai taka kara ya karya ba. Baitulmali ke biya, daga baya gwamnati na iya bin wanda ya yi ƙazafin ko shaidar zur.

Nijar ta shiga yarjejeniyar duniya kan haƙƙin jama'a da siyasa a 1986, kuma sashe na 14 sakin layi na 6 ya wajabta irin wannan diyya, sai fa idan mutum shi ya ɓoye hujjar da za ta wanke shi. Kotun CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, wadda ta sa aka biya Hadijatou Mani, 'yar Nijar da aka bautar, sefa miliyan 10 a hukuncinta na 2008, kada ku dogara da ita, Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025.

In ba ku da kuɗin lauya, ku je ofishin ANAJJ da ke babbar kotun Damagaram, hukumar da dokar 2011 ta kafa don tallafa wa marasa ƙarfi a shari'a. Ku tafi da ƙanen naka, don shi ne zai sa hannu a buƙatar.